Tsufa a Kurmi: Abin da Ya Kamata Ɗan Kara da Iyalinsa Su Sani

Duk wanda ya saba shiga kara, ko ta Akinyele a Ibadan, ko Oko-Oba a Agege, ko Lokpanta a Abiya, ko Amansea kusa da Awka, ya san akwai dattawan da suka zo da ƙuruciyarsu da niyyar cin rani ɗaya, yau ga su da furfura da jikoki. Unguwar Sabo ta Ibadan tun 1916 aka kafa ta, wato mun haura shekara 100 muna tsufa a ƙasar nan. Amma har yanzu maganar tsufa ba a cika yinta a fili ba, sai ranar da wani ya faɗi a bakin turke ko ya kwanta ciwo.

Ni ɗan falken shanu ne, a cikin wannan harka na tashi. Na tattara abin da na sani game da tsufa ta fuskar jiki, addini, sana'a, kuɗi da maganar komawa gida, domin amfanin iyayenmu da mu da za mu riƙe su.

Yaushe ake cewa mutum ya tsufa?

A lissafin Majalisar Ɗinkin Duniya, daga shekara 60 ake sa mutum cikin tsofaffi, kuma ta ware ranar 1 ga Oktoba ta kowace shekara domin su. Ma'aikacin gwamnati a Najeriya yakan yi ritaya a shekara 60, ko bayan shekara 35 yana aiki. A addini kuwa, Suratul Ahƙaf aya ta 15 ta ambaci shekara 40 a matsayin cikar ƙarfi da hankali, kuma Manzon Allah (SAW) ya yi wafati yana da shekara 63.

Matsalarmu ita ce da yawa cikin iyayenmu ba su san shekarunsu ba. Ranar haihuwar da ke kan katin NIN ɗinsu sau da yawa 1 ga Janairu ce, shekarar kuma kintata aka yi. Hanya mai sauƙi ita ce a auna da abin da mutum ya tuna: samun 'yancin kai a 1960, yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, komawa tuƙin hannun dama a 1972, canjin kuɗi daga fam zuwa naira a 1973, da kashe Janar Murtala a Fabrairun 1976. Wanda ya ce yana ɗan shekara goma aka kashe Murtala, to wajen 1966 aka haife shi. Wannan lissafin yana da amfani, don likita yakan fara da tambayar shekaru.

Dattijo da tsoho

Hausa tana da kalmomi biyu, kuma kowa ya san bambancinsu. Dattijo shi ne wanda shekaru suka ƙara masa nutsuwa, ana kawo masa rigima ya kashe, ana ba shi ajiya. Tsoho kuwa maganar jiki ce kawai. Shi ya sa za ka ce wa mutum dattijo ya ji daɗi, ka ce masa tsoho ya haɗa rai. Tsufa dole ne ga wanda Allah ya ja kwanansa, dattaku kuma sai an nema.

A lura da na yi, mutanenmu iri uku ne a gaban tsufa. Akwai mai musu. Shi ne wanda zai shafa baƙin rini a gemu, ya rage shekara goma, ya nace sai ya kama igiyar bijimi da kansa don kada yara su raina shi. Akwai mai sallamawa gaba ɗaya, wanda komai ya same shi sai ya ce "tsufa ne", ko da ciwo ne mai magani, ya ƙi asibiti har abin ya yi nisa. Sai na ukun, wanda ya yarda ƙarfi ya ragu, ya sauya irin aikin da yake yi, yana duba lafiyarsa, yana koya wa na baya. Wannan shi ne ya fi daɗewa ana morarsa, don da tsohuwar zuma ake magani.

Abin da ke sa na farkon musu ba wauta ba ce. A kurmi ƙarfinka shi ne jarinka. Ba gona, ba rumbu, ga kuɗin haya. Mutum yana tsoron ranar da aka gane ya gaza abokan ciniki za su koma wurin wani. Idan mun fahimci wannan tsoron, za mu fi iya yi wa iyayenmu magana.

Sauyin jiki: wanne ne tsufa, wanne ne ciwo?

Akwai abubuwan da kusan kowa zai gani. Bayan shekara 40 ido yakan kasa karanta ƙananan rubutu a kusa, har mutum ya riƙa nisanta waya ko Alƙur'ani daga fuskarsa. Tabarau na karatu yana gyara wannan. Furfura, saurin gajiya, raguwar ji, barci mara nauyi, da ciwon gwiwa bayan doguwar tsayuwa duk suna cikin tafiyar shekaru.

Waɗannan kuwa ciwo ne, kuma suna son asibiti:

Hawan jini. Yawanci ba ya nuna alama. Idan awo ya riƙa kai 140/90 ko sama a lokuta daban-daban, ana buƙatar ganin likita. Maganinsa ba a dainawa don an ji sauƙi. Barinsa shi ke kawo shanyewar ɓarin jiki, ciwon zuciya da na ƙoda. Idan baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe farat ɗaya, a tafi asibiti a take. Kada a tsaya cewa iska ce ta buge shi.

Ciwon suga. Alamunsa yawan fitsari, ƙishirwa, rama, da gyambon da ya ƙi warkewa. Awon da aka yi da safe kafin a ci komai, in ya kai 126 ko sama, sai a sake a tabbatar. Mai wannan ciwo da ke yawo cikin laka da kashin shanu ya riƙa sa takalmi mai rufi, yana duba ƙafarsa kullum.

Yanar ido. Gani yana yin hazo a hankali. Aikin cire ta a asibiti ba ya daɗewa, kuma gani yana dawowa. A guji masu kwantar da yana da allura a gida, mutane da yawa sun rasa ido ta nan. Akwai kuma gilakoma, wadda ke cin gani daga gefe ba tare da zafi ba, abin da ta ci kuma ba ya dawowa. Awon ido ne kawai ke kama ta da wuri.

Matsalar fitsari ga maza. Daga shekara 50 wata tsoka da ke ƙarƙashin mafitsara takan kumbura, sai fitsari ya riƙa fita da ƙyar, ko a tashi sau da yawa da dare. Kunya ce ke hana dattawa faɗa. Akwai magani, kuma gwaji ne ke bambanta kumburin da ba shi da haɗari da ciwon daji.

Ruɗewar tsufa. Mance inda aka ajiye makulli ba komai ba ne. Amma mutum ya ɓata a hanyar masallacin da ya shekara 30 yana zuwa, ko ya kasa gane ɗansa, ko ya riƙa zargin an sace masa kuɗin da shi ya ɓoye, wannan ciwon ƙwaƙwalwa ne. Ba hauka ba ne, ba maita ba ce. A nan kudu abin yana da haɗari na daban, don tsoho ko tsohuwar da ta fita ta ɓata tana sambatu cikin mutanen da ba sa jin yarenta, ana iya yi mata mummunar fassara. A sa takarda mai lambar wayar ɗa a aljihun irin wannan dattijo, a kuma sanar da maƙwabta halin da yake ciki.

Sai maganar magungunan ciwon jiki. A kara ana shan Alabukun da diclofenac kamar gyaɗa. Alabukun asfirin ne da sinadarin da ke cikin kofi da goro. Yawan shan irin waɗannan yana jawo gyambon ciki, yana taɓa ƙoda, musamman ga mai shekaru da hawan jini. Gishiri ma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a rana, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen miya da yajin tsire.

Ga mazauna Ibadan da kewaye, asibitin koyarwa na UCH yana da sashen tsofaffi na musamman mai sunan Cif Tony Anenih, wanda aka buɗe a 2012. A sauran garuruwa, babban asibitin gwamnati ko ƙaramin asibitin unguwa yana awon jini da suga. Ɗan da ke jin Turanci ko Yarbanci ko Ibo ya raka, don kada a sha magani bisa kuskuren fahimta.

Sauƙin da addini ya yi wa tsoho

Suratur Rum aya ta 54 ta bayyana rayuwar ɗan Adam a matakai uku: rauni, sai ƙarfi, sai kuma rauni da furfura. Wanda ya san haka ba zai ga gazawarsa a matsayin abin kunya ba.

Wanda ba ya iya tsayuwa a salla ya yi a zaune, in bai iya ba ya yi a kwance. Tsohon da azumi ke galabaitarwa ya sha, kuma a mazhabar Malikiyya an so ya ciyar da mudu ɗaya a madadin kowace rana, mudun Annabi, wanda bai kai mudun kasuwa ba. Mai ciwon suga da ke shan magani ko allura ya ga likita kafin watan Ramadan. Wanda ruwa ke cutarwa yana da taimama. Mai yoyon fitsarin da ke zuwa a mafi yawan lokaci yana da rangwame a alwala, ya tambayi malami yadda hukuncin yake a kansa, kada ya ƙaurace wa jam'i saboda kunya. Game da furfura, malamai sun karhanta tsige ta, sun halatta rina ta da lalle, rini baƙi kuma an ƙi shi.

Na kawo waɗannan ne don na sha ganin dattijo yana jiri a sahu, amma ya ƙi zama don kada a ce ya gaza. Karɓar rangwamen da Allah ya yi ba ragwanci ba ne.

Matakan aiki a kara

Sana'ar shanu tana da tsani, kuma iyayenmu na da sun san shi. Yaro yana farawa da ba da ruwa da dusa da jan igiya. Saurayi yana bin tirela daga Potiskum ko Mubi ko Maigatari ko Illela, kwana biyu ko uku a saman katako, yana tada san da ya kwanta don kada 'yan'uwansa su tattake shi. Magidanci yana saye da sayarwa. Dattijo kuma ya zama dillali ko mai gida: yana saukar da fatake, yana sanin mahaucin da za a ba bashi da wanda ba za a ba ba, yana tsayawa a matsayin jingina, yana karɓar la'adarsa.

Aikin mai gida ido ne da amana da sanin mutane. Dattijon da zai kalli bokolo ko bunaji ya faɗi naman da zai bayar, ya san wane mahauci ne ya taɓa gudu da kuɗi shekara 20 da suka wuce, yana da abin da saurayi ba shi da shi. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Don haka sauka daga tirela hawa mataki ne. Bin mota, kama sa mai faɗa, tsallake kwata da damina, waɗannan a bar wa yara. Faɗuwa ɗaya ta isa ta karya ƙugun mai shekara 65, kuma irin wannan karaya tana kwantar da mutum watanni.

Wani sabon abu shi ne ciniki ya koma waya. Kuɗi yanzu tiransifa ne da POS. Dattijon da ba ya karatun boko ya zaɓi ɗa ɗaya amintacce mai duba masa alat kafin a saki dabba, amma asusun ya kasance da sunansa, kuma kada lambar sirri ta zaga gida.

Kuɗin tsufa

Ɗan kasuwa ba shi da fansho. Fanshonmu na gargajiya shi ne 'ya'ya, gida, gona, da shanun da aka ba Fulani kiwo. Satar shanu da rashin tsaro a arewa sun sa na ƙarshen nan ya zama kasada, don haka kada a tara komai wuri ɗaya. Mun kuma ga yadda rikici ke cinye dukiyar shekaru cikin yini guda, kamar a Sagamu a 1999, Idi-Araba a 2002, Mile 12 a 2016 da Shasha a 2021. Matashi yana iya sake farawa. Mai shekara 70 da wuya.

Akwai hanyoyin hukuma da ya kamata a sani. A 2019 hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta buɗe tsarin ƙaramin fansho ga masu sana'ar kansu, inda mutum ke zuba abin da ya samu a hankali; mai gudun riba ya tambayi asusun da ba ruwa a cikinsa. A 2022 aka sa hannu a dokar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, jihohi kuma suna da nasu, kamar Ilera Eko a Legas da OYSHIA a Oyo. Ana biyan kuɗi na shekara, a riƙa ganin likita a asibitin da aka zaɓa. Akwai kuma Cibiyar Kula da Tsofaffi ta Ƙasa, wadda aka sa hannu a dokarta a 2018. Ƙungiyoyinmu na kara da fadar Sarkin Hausawa su ne suka fi dacewa su je ofisoshin nan su ji sharuɗɗa, su yi wa dattawa rajista a tare.

Komawa gida ko zama?

Wannan ita ce tambayar da ta fi nauyi. Kusan kowane dattijo yana cewa "in na gama zan koma gida". Wasu sun gina gida a garinsu, sun riƙe zumunci, suna zuwa kowace salla, to su komawa tana yi musu daɗi. Wasu kuwa sun shekara 40 rabonsu da zama, sa'o'insu sun rasu, gonar gado an raba, 'ya'yansu a kudu aka haife su kuma nan suke nema. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Irin wannan in aka kai shi ƙauye aka ajiye, kaɗaici ne zai fara kama shi kafin ciwo.

Kafin a yanke shawara a duba abu huɗu. Wa zai kula da shi kullum a can? Akwai asibitin da zai samu maganinsa kusa? Garin yana zaune lafiya? Shi kansa me yake so, ita ma uwargida me take so? Wasu sun zaɓi raba shekara, su yi damina a arewa su dawo. Wanda kuma ya zaɓi zama, babu laifi a kansa. Ƙasa duk ta Allah ce, kuma maƙabartun Musulmi a garuruwan nan cike suke da iyayenmu. Sunna ita ce a gaggauta binne mamaci, don haka gara iyali su san ra'ayin dattijo tun yana da lafiya.

A rubuta tun ana da rai

Harkar shanu a kan bashi take tafiya, kuma yawancinsa a ka yake. Ranar da mai gida ya rasu ko ya ruɗe, sai wanda ake bi ya yi shiru, wanda ke bi ya zo da lissafin da ba mai iya musawa. A samu littafi a rubuta wa ake bi, wa ke bi, nawa, da shaidu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. A haɗa takardun gida, na fili da rasit ɗin rumfa wuri ɗaya, a ɗauki hotonsu a waya.

Wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yi wa magaji. A tuna jihohin kudu ba su da kotunan shari'ar Musulunci irin na arewa, don haka rabon gado yakan dogara ne da malamai da dattawan unguwa da yardar magada. Wanda ya yi aure a arewa ya kuma yi a nan, ya bayyana matansa da 'ya'yansa duka a gaban shaidu. Rubuta wasiyya ba ya jawo ajali.

Iyayenmu mata

Su ne aka fi mancewa. Tsakanin shekara 45 zuwa 55 al'ada takan ɗauke, da zafin jiki, gumin dare da saurin fushi. Wannan ba ciwo ba ne, amma jinin da ya dawo bayan al'ada ta ɗauke shekara guda yana son asibiti da gaggawa, haka ma ƙullutu a mama. Ƙashin mace yana rage ƙarfi bayan wannan lokaci, don haka a gyara bayi mai santsi, a sa fitila a hanya. Uwar da ta shekara 30 a bakin murhu tana tuwon sayarwa, hayaƙi ya taɓa idonta da ƙirjinta. In miji ya rasu ta gama takaba, a tambaye ta inda take son zama, kada a yanke mata.

Abin da ke kanmu 'ya'ya

Suratul Isra'i aya ta 23 da 24 ta hana ko nuna ƙosawa ga iyaye idan sun tsufa. A aikace, yadda ake magana shi ne rabin aikin. In ka ce "Baba, kun tsufa, ku zauna a gida", ka rufe ƙofa. In ka ce "Baba, ku tsaya wajen ciniki, ni zan bi motar, in na dawo ku duba lissafin", ka rage masa wahala ba ka ƙwace masa girma ba. A riƙa shawara da shi ko da an san amsar. Kada a raba shi da majalisarsa da masallacinsa, don zama shiru a ɗaki yana tsufar da mutum fiye da shekaru.

'Yan'uwa su raba nauyi a fili: wane ne na magani, wane ne na haya, wane ne na rakiya asibiti. A sayi na'urar awon hawan jini ɗaya a ajiye a rumfa ko a masallaci, kowa ya amfana. Mu matasa kuma mu tuna gwiwar da muke dira da ita daga saman tirela ita ce za mu yi ruku'u da ita nan da shekara 40, in Allah ya kai mu. Tramadol da sauran ƙwayoyin ƙarin ƙarfi bashi ne da jiki zai biya.

Allah ya ba iyayenmu lafiya, ya sa su gama da duniya lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Mu kuma ya ba mu tsufa mai albarka da 'ya'yan da za su riƙe mu. Wanda ya karanta ya karanta wa dattijon da ke kusa da shi.